Kududdufin Charlton: Kundin Aikin Tattara Tarihin Filin The Valley

9 ga Fabrairu, 2025

Na gaji da rubuta abubuwa a bayan rasit suna ɓacewa, shi ya sa na buɗe wannan kundi. Aikin da na ɗaukar wa kaina shi ne ɗan littafi da Hausa a kan The Valley, filin ƙungiyar Charlton Athletic da ke kudu maso gabashin Landan, sai kuma sauti na kamar rabin awa wanda mutum zai sa a kunne yana zagaya filin yana saurare. Rubutu nawa ne, ɗaukar murya da hotuna na ƙanena. Mun sa wa kanmu wa'adin 5 ga Disamba.

Duk wanda na gaya wa sai ya tambaye ni me ya hana ni ɗaukar Emirates ko Old Trafford. Amsar da nake bayarwa don a bar ni in huta ita ce a nan Ademola Lookman ya fara buga ƙwallon manya kafin Everton ta saye shi a Janairun 2017, kuma a nan Joe Aribo ya yi suna. Amsar gaskiya ta fi haka tsawo, ita ce littafin.

Yau muka yi zagayen farko. Daga tashar jirgin Charlton tafiyar 'yan mintoci ce, ka karya kwana ka shiga Floyd Road, gidajen jan bulo a jere kafaɗa da kafaɗa, ba alamar wani babban abu a gaba. Sai kawai ka ga filin ya buɗe a ƙasanka. Gangara masa ake yi.

Na tafi da niyyar lissafa tsofaffin abubuwan da za mu ɗauka a hoto, na dawo takardata kusan fara fat. Rumfar gabas ta 1994 ce, ta yamma 1998, ta arewa kuma an sake ta a farkon shekarun 2000. Wadda ta fi kowace tsufa, wato ta kudu mai sunan tsohon koci Jimmy Seed inda ake zaunar da magoya bayan baƙi, ba ta kai shekara hamsin ba. Mutum-mutumin gola Sam Bartram da ke ƙofar shiga a 2005 aka kafa shi. Filin da aka fara wasa a cikinsa tun 1919, amma ba bulo ɗaya da zan nuna in ce ya ga zamanin. Na koma gida jikina a sanyaye.

23 ga Fabrairu

Na gano kuskurena. Sama nake ta kallo, abin kuwa yana ƙarƙashin ƙafata.

Tsofaffin taswirorin unguwar sun nuna ramuka birjik a gindin tudun Charlton, inda aka daɗe ana haƙar yashi da alli. Ɗaya daga cikinsu, Gilbert's Pit, yana nan har yau kusa da Maryon Park, an killace shi saboda masu nazarin duwatsu. Na je na tsaya a gindin gangarensa, sai na fahimci yadda The Valley take kafin ƙwallo ta zo. Kududdufi ne, ba wani abu ba. An gama cin amfaninsa an watsar, ruwa yana kwanciya a ciki, mutanen unguwa suna kiransa fadama.

Ƙungiyar kanta samari 'yan shekara goma sha wani abu ne suka kafa ta ranar 9 ga Yuni, 1905, a layukan da ke kusa da Kogin Temz. Sun yi ta yawo daga wannan fili zuwa wancan: Siemens Meadow, Woolwich Common, Pound Park, Angerstein Lane. Bayan an gama Yaƙin Duniya na Ɗaya suka samu wannan ramin, ba su da kuɗin ɗaukar ɗan kwangila, sai magoya baya suka fito da diga da shebur suka yi aikin gayya. Suka baje tsakiyar ramin ya zama filin wasa, ƙasar da suka kwashe suka tula ta a gefe ta zama tudun da 'yan kallo za su tsaya. A Satumbar 1919 aka buga wasan farko, ba kujera, ba katanga, igiya ce kawai ta raba 'yan wasa da jama'a.

Na soke babin da na sa wa suna "Gine-gine". Babi na farko yanzu ramin ne. Na ce wa ƙanena ya daina neman tsohon bango, ya hau tudun da ke bayan rumfar kudu ya ɗauko mana hoton da zai nuna zurfin wurin.

8 ga Maris

Mun leƙa Mountsfield Park a Catford. A kakar 1923 zuwa 1924 shugabannin ƙungiyar sun kwashe ta sun kai can, filin da ake kira The Mount, da tunanin haɗewa da ƙungiyar Catford Southend don samun 'yan kallo. Jama'a ba su bi su ba, haɗewar ta wargaje, suka dawo The Valley a 1924. Yanzu wurin shaƙatawa ne, sai masu yawo da karnuka. Sakin layi biyu ya ishe shi a littafin, amma dole ya shiga, don shi ne gargaɗin da aka manta bayan shekara sittin.

5 ga Afrilu

Azumi ya sa aikin fita ya tsaya, sai na zauna a kan babin Jimmy Seed.

'Yan'uwa biyu masu cinikin katako, Albert da Stanley Gliksten, su suka karɓi ƙungiyar a farkon shekarun 1930, suka ɗauko Seed ya zama koci a 1933. Abin da ya biyo baya kamar almara: Charlton ta lashe rukuni na uku na kudu a 1935, ta haura daga na biyu a 1936, a 1937 kuma ta ƙare ta biyu a rukunin farko, Manchester City kaɗai ke gabanta. Ranar 12 ga Fabrairu, 1938, a zagaye na biyar na Kofin FA da Aston Villa, mutum 75,031 suka shiga ramin nan. Yau kujeru 27,111 ne.

Na karanta wa kawuna wannan sashe ta waya, shi ne mai duba mini Hausar. Ya tsayar da ni: "Kai, ɗan nan, ina aka zuba su?" Na ce, "Kawu, a tsaye suke." Tambayarsa ta nuna mini inda rubutuna ya gaza. Mai karatun da ya saba ganin filayen Firimiya a talabijin, kowa da kujerarsa mai lamba, ba zai gane tudun gabas na da ba sai an zana masa shi: gangare guda, matakala bisa matakala na kankare, ba rufi, daga bakin fili har ƙolin ramin, ana lissafa shi cikin mafi girma a duk Ingila. Wanda ke can sama 'yan wasa ƙanana yake gani kamar tururuwa. Na sake rubuta wurin sau uku.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi: girman nan kyautar ramin ne, ba kuɗi aka zuba ba. Kuma a ganina nan ciwon ya samo asali. Ƙungiyar tana da 'yan kallo dubbai, amma wurin zama mai rufi kaɗan ne, kuma ba a yi wani gagarumin gini ba a lokacin da ake da halin yi. Ta kai wasan ƙarshe na Kofin FA a 1946, Derby County ta doke ta 4 da 1, ta koma a 1947 ta ci Burnley 1 da nema da ƙwallon Chris Duffy a ƙarin lokaci. A wasannin biyu duka sai da ƙwallo ta fashe ana tsakiyar wasa. An kawo kofi gida, fili kuwa yana nan yadda yake.

Wani abu da zan ware wa shafi: Seed ya riƙa ɗauko 'yan wasa daga Afirka ta Kudu, irin su Eddie Firmani, Stuart Leary da John Hewie. Shi kuma Bartram wasa 623 ya buga wa ƙungiyar daga 1934 zuwa 1956, ba wanda ya kamo shi har yau.

19 ga Afrilu

Ranar ɗaukar murya ta farko, kuma ta tashi a banza. Iskar da ke kaɗawa a Harvey Gardens ta cinye rabin maganata, ragowar kuma wata motar kwasar shara ta gama da ita. Laifinmu ne, mun bar soson makirufo a gida.

Labarin da muka so ɗauka shi ne na 21 ga Disamba, 1957, wanda in ba a rubuce yake ba da sai a ce ƙarya ce. Charlton da Huddersfield Town a rukuni na biyu, kocin baƙi Bill Shankly, kafin ya tafi Liverpool. Tun farkon wasa kyaftin Derek Ufton ya goce kafaɗa aka fita da shi, kuma a zamanin ba a canjin ɗan wasa, sai Charlton ta ci gaba da mutum goma. Saura ƙasa da rabin awa a tashi ana cin ta 5 da 1, jama'a sun fara kama hanyar gida. Johnny Summers ya ci biyar a wasan, John Ryan ya ci biyu har da ta ƙarshe ana dab da hura usur, aka tashi 7 da 6. Waɗanda suka shiga kallo ba su kai dubu goma sha uku ba, kuma da yawansu a kan titi suka ji ihun. Summers bai yi tsawon rai ba, sankarar jini ta ɗauke shi a 1962.

Ƙanena yana so mu buɗe sautin da wannan. Na ƙi. Daɗinsa ya yi yawa, zai danne ramin. Mun ajiye shi a tsakiya.

27 ga Afrilu

Yau na yi tafiyar da magoya baya suka yi ta yi shekara shida: daga Charlton zuwa London Bridge, a sauya jirgi zuwa Norwood Junction, sannan a taka zuwa Selhurst Park, filin Crystal Palace inda Charlton ta yi zaman haya. A taswira wuri biyun duk kudancin Landan ne. A ƙafa kuwa wata duniya ce daban.

Yadda aka kai ga haka sai an bi a hankali, don a nan ne masu ba da labarin suke yin tsalle. Ƙungiyar ta faɗo daga rukunin farko a 1957, 'yan kallo suka yi ta raguwa, katafaren tudun nan ya zama kufai ana wasa a gabansa. A 1982 Mark Hulyer ya karɓi ƙungiyar daga hannun Michael Gliksten, amma filin ya zauna a hannun kamfanin Gliksten. Wannan rabuwar ita ce jijiyar labarin gaba ɗaya. Hulyer ya ɗauko Allan Simonsen daga Barcelona, gwarzon Turai na 1977, don ya ja jama'a. Jama'ar ba su zo yadda za su biya albashinsa ba. A Maris 1984 sai da aka je kotu, saura ƙiris a rufe ƙungiyar, wasu masu kamfanin gine-gine na Sunley suka cece ta. Sun samu ƙungiya, ba su samu fili ba.

Ranar 11 ga Mayu, 1985, gobara ta tashi a filin Bradford City, mutum 56 suka mutu. Hukumomi suka tsaurara binciken filaye, aka rufe tudun gabas na The Valley saboda rashin ingancinsa. Ga kuma saɓani da mai filin a kan wani yanki da ke bayan rumfar yamma. Ranar 7 ga Satumba, magoya baya suna shiga kallo aka riƙa miƙa musu 'yar takarda mai sanar da su cewa ƙungiya za ta koma filin Crystal Palace. Ba shawara, ba taro. Mako biyu bayan haka, 21 ga Satumba, aka buga wasan bankwana da Stoke City, Charlton ta ci 2 da nema, Robert Lee ne ya jefa ta ƙarshe. Mutane suka shiga fili suna yankar ciyawa da ƙasarta suna tafiya da ita gida.

Abin mamaki, a kakar nan koci Lennie Lawrence ya haura da su rukunin farko bayan shekara 29, suka yi kaka huɗu a can. Amma zaman agolanci ne, magoya baya da yawa sun rantse ba za su taka Selhurst ba, kuma sun cika rantsuwarsu. Kayan aro ba ya rufe katara.

3 ga Mayu

Yau shekara 35 cif da zaɓen da ya sa na fara wannan aikin, don haka na kwana a kan babin.

A 1988 sababbin shugabanni, Roger Alwen da Mike Norris, suka haɗe mallakar fili da ƙungiya wuri guda. A Maris 1989, a babban ɗakin taro na Woolwich, Alwen ya sanar cewa za a koma gida. Farkon Afrilu magoya baya suka sake fitowa gayya, shekara saba'in bayan kakanninsu. Filin ya zama daji, ciyawa da ƙananan itatuwa sun fasa kankare. Suka sare, suka tara tarkacen a tsakiyar fili suka cinna masa wuta. Hotunan wutar nan su nake so a bangon littafin, in an samu izinin masu su.

Sai ƙaramar hukumar Greenwich ta ƙi ba da izinin gini a ƙarshen Janairun 1990. Wani zai yi zanga-zanga ya gaji ya koma gida. Su kuwa suka kafa jam'iyya, Valley Party, manufarta ɗaya tak, suka tsayar da 'yan takara 60 a zaɓen kansiloli na 3 ga Mayu, 1990. Mutane ne da ba su taɓa siyasa ba, suna bin gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, sun cika allunan talla da hotunan tarihin ƙungiyar. Suka samu ƙuri'a 14,838, kusan kashi 11 cikin ɗari. Ko kujera ɗaya ba su ci ba. Amma ƙuri'un da suka janye sun isa kayar da shugaban kwamitin da ya hana izinin. A Afrilun 1991 aka amince da sabon tsarin gini.

Na yi ta kokawa da yadda zan rubuta wannan ba tare da na mai da kansilolin mugaye ba. Akwai mazauna layukan da suka ji daɗin shekarun shiru, ba cunkoso, ba motoci a ƙofar gida ranar Asabar, kuma tsarin farko ya ƙunshi ofisoshi da wurin liyafa, ba fili kaɗai ba. Duk wanda ya tsaya a Floyd Road ya ga ƙuncin titin zai gane ƙorafinsu. Na ba su sakin layinsu. Ina tare da masu jam'iyyar, ban ɓoye ba, amma littafin tarihi nake rubutawa.

Izini bai zama kuɗi ba. Aikin ya tsaya, ƙungiyar ta ƙetare kogi ta yi haya a Upton Park wurin West Ham daga 1991. Magoya baya suka sake sa hannu a aljihu, ta wani shirin saka jari suka tara sama da fam miliyan ɗaya. Ranar 5 ga Disamba, 1992, aka dawo. Rumfuna uku ne kawai, ɗaya ma ta wucin gadi, tudun gabas a rufe, mutum 8,337. Minti bakwai da take wasa Colin Walsh ya ci Portsmouth, a haka aka tashi. Dalilin wa'adinmu ke nan.

Don mai karatu ya san ba dole ne labarin ya ƙare haka ba, na ƙara shafi a kan ƙungiyar Wimbledon. Charlton na fita daga Selhurst a 1991, su suna shiga, sun bar filinsu na Plough Lane. Ba su koma ba, a 2003 aka kwashe ƙungiyar zuwa Milton Keynes, sai da magoya baya suka kafa sabuwa daga tushe kafin suka ga Plough Lane a 2020. Upton Park ɗin ma da ta ba Charlton masauki yanzu gidaje ne.

26 ga Mayu

Jiya a Wembley Charlton ta ci Leyton Orient 1 da nema da bugun tazara na Macaulay Gillesphey, ta koma rukuni na biyu. Ba a The Valley aka yi ba, layi ɗaya zai samu. Ƙanena ya ɗauko muryoyin jama'a a jirgin dawowa, za su yi mana amfani a ƙarshen sautin.

13 ga Yuli

Na yi niyyar rufe littafin da 1992, sai shekarun koci Alan Curbishley a Firimiya su zama ɗan ƙari, tunda rumfar gabas sunansa take ɗauke da shi tun 2021. Kawu ne ya sake ɓata mini tsari da tambaya ɗaya: "To yanzu filin na wane ne?"

Ba na magoya baya ba ne, kuma ba na ƙungiya ba ne. Attajirin Beljiyam Roland Duchâtelet ya sayi Charlton a Janairun 2014, aka yi shekaru ana zanga-zangar adawa da shi. Da ya sayar da ƙungiyar a farkon 2020 sai ya riƙe The Valley da filin atisaye na Sparrows Lane. Ƙungiyar ta sauya hannu har sau biyu bayan nan, Thomas Sandgaard a Satumbar 2020, wasu masu zuba jari a 2023, amma haya take biya. Wato rabuwar 1982 ta dawo. A 2013 ƙungiyar magoya baya ta sa an yi wa filin rajista a matsayin kadarar da al'umma ke da haƙƙi a kanta, ƙarƙashin wata doka ta 2011. Na karanta dokar. Ba ta hana sayarwa, abin da take bayarwa shi ne jinkirin wata shida don jama'a su nemi kuɗi su taya, kuma mai kaya ba dole ne ya sayar musu ba.

Babi na tara ya ƙaru ke nan. Na cire labarin wasan da mawaƙan The Who suka yi a filin a 1974 da 1976 don in samar masa wuri, duk da na 1976 ya shiga kundin Guinness saboda ƙararsa. Ƙanena bai yafe mini ba tukuna.

21 ga Satumba

Shekara arba'in da wasan Stoke. Na gangara Floyd Road da sassafe, ba kowa sai wani dattijo da ke zaune kusa da mutum-mutumin Bartram. Muka gaisa, hira ta yi nisa, ashe yana cikin waɗanda suka yanki ciyawa ranar. Ya dasa ta a bayan gidansu, ta kama, daga baya suka tashi daga gidan. Ya yarda mu ɗauki muryarsa ranar Asabar mai zuwa, bisa sharaɗin ba za a faɗi sunansa ba.

Inda aiki yake: babi bakwai sun kammala, Kawu ya duba biyar. Na takwas yana jiran izinin hotunan wutar 1989, na aika wasiƙa biyu. Na tara rabi. Sauti mun ɗauki tasha huɗu cikin shida, saura ta Harvey Gardens da za a maimaita da ta bayan rumfar kudu. Muna kuma son shiga gidan tarihin da magoya baya ke gudanarwa a rumfar arewa, mu ɗauki hoton 'yar takardar 7 ga Satumba da allunan Valley Party.

Har yanzu ni da Kawu ba mu daidaita a kan sunan littafin ba. Shi yana ganin "kududdufi" raini ne ga filin da ya taɓa ɗaukar mutum dubu saba'in da biyar, yana so a ce "kwari". Na ce masa kwari Allah ne ya yi shi, wannan kuwa mutane ne suka haƙa. Ya ce in bari sai ya gama babi na shida. Saura kwana 75, kuma soson makirufo yana cikin jaka tun yanzu.